Azumin Na'ima

Sanaiya, Doha
12 ga Shawwal

Zuwa ga taubashiyata Sauda,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara da duk mutanen Rijiyar Lemo. An yi Sallah lafiya? Allah ya maimaita mana. Ni ma ina nan ƙalau, in ban da ƙugu da yake tuna min shekaruna duk sanda na sauko daga mota, da zafin garin nan da ya fara gwada mana hali tun lokacinsa bai yi ba.

Bayan haka, kin ce in daina aiko miki da saƙon murya, tunda wayarki a tsakar gida take yini, kowa ya ɗauka ya danna. To ga takarda. Ismail mai safarar kaya zai miƙa miki hannu da hannu, kuma na tabbatar ba ya karatun boko sai na lamba.

Kin damƙa min amanar Na'ima wata takwas ke nan, ga rahoto. 'Yarki ta zama 'yar gari. Kantin tufafin da take aiki yana cikin wani ƙaton ginin kasuwa a West Bay, sanyi a ciki kamar firij, bango duk allon talabijin, mata dogaye suna ta tafiya a ciki ba sa isa ko'ina. Motar kamfanin da nake ja ta nan take bi, don haka nakan leƙa. Na tsaya na ga yadda ta sayar wa wata Balarabiya riga uku alhali ɗaya ta zo saya. Na ce wannan jinina ne, shekara goma sha tara da na yi a Kantin Kwari ba su tafi a banza ba, ko da ta wajen kawu aka gada.

Ga kuma ibada. Litinin azumi, Alhamis azumi, yanzu ta kama Sitta Shawwal, ta ce bayansa akwai ramuwa. Duk Juma'ar da na kai ta gidan Rukayatu, wata 'yar Zangon Kumasi da ke zaune a Al Rayyan tana dafa wa mutanenmu abinci, sai ta ce ta ƙoshi ko tana azumi. Ban san inda ta samo wannan tsoron Allah ba, don na san ba wajenki ba ne, ke da kike fara tambayar ƙarfe nawa ake shan ruwa tun da hantsi.

Na gode da dambun nama. Leda uku manya! Ashe kina sona haka kika yi shekara arba'in kina ɓoyewa. Na rage ɗaya don ranar ɓacin rai, biyun kuma kada ki tambaya.

Ki gaida Malam.

Naki,
Gado

*

Rijiyar Lemo, Kano
3 ga Zulƙida

Gado,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, Malam yana amsawa, ciwon ƙafarsa da sauƙi. Ƙugu kuma ba shekaru ba ne, nauyin dambun mutane ne.

Leda uku a ina? Leda ɗaya na ƙulla maka, 'yar ƙarama, na sa mata jan zare. Manyan ukun masu farin zare na Na'ima ne, na kwana biyu ina dakansu har hannuna ya yi kanta. Wato ka tsare yarinya da daɗin bakinka na 'yan Kwari har ta miƙa maka abincinta, ita kuma kunya ta hana ta cewa a'a. Tun muna yara haka kake, in an ba mu ƙosai sai ka ce bari ka riƙe min. Allah ya shirye ka. Ga wasu nan na sake aikowa, da kuka da daddawa da yaji. In na ji ka taɓa farin zare, ni da kai ne.

Maganar ibada ta yi min daɗi, na faɗa wa Malam ya yi ta sa mata albarka. Sai dai ka ce mata ta riƙa sassautawa, zafin ƙasar nan da nake ji ba na wasa ba ne. Kuma ka ce ta aiko min da hoton kirki. Duk wanda ta turo, abaya ce har ƙasa da mayafi, fuska can nesa kamar an ɗauka daga wani gari. Matan gidan nan suna tambayata ko ta yi ƙiba, don 'yar maƙociyarmu da ta je Jidda wata shida ta dawo ƙofa na neman yi mata kaɗan. Ina so in nuna musu Na'imata, Tulu kamar yadda nake kiranta, ita ma ta murje.

Taubashiyarka,
Sauda

*

Doha
14 ga Zulhajji

Sauda,

Salam. Barka da Sallah, da fatan kun yi layya lafiya. A tsaye nake rubutun nan, wani ɗan Fagge zai tashi yau, don haka ki yi haƙuri da gajarta.

Kada hankalinki ya tashi. Shekaranjiya Na'ima ta yanke jiki ta faɗi a kanti, aka kai ta asibiti, aka yi mata ƙarin ruwa, an sallame ta. Tana gidan Rukayatu, ba ta koma masaukin ma'aikata ba. Ashe ta daɗe ba ta cin abinci, ƙanshin miya ma tayar mata da zuciya yake. Abayar nan ce ta rufe min ido. Likitar ta gaya min abin da ke damunta, amma ba zan sa shi a takarda ba sai na zauna da yarinyar na ji daga bakinta. Kada ki gaya wa Malam tukuna.

Gado

*

Rijiyar Lemo
20 ga Zulhajji

Gado,

Ina fatan kana lafiya. Ni dai ba ni da ita. Kwana huɗu ke nan abinci bai wuce min wuya ba, ana ta suyar nama a gidan nan ina cewa haƙori ne.

Na kira ka sau bakwai, ka ce kana tuƙi, ka ce sai ka rubuto. Na kira ta, ta ce lafiya lau, ta ƙi buɗe hoton bidiyo. Ni kuma abin da nake son tambaya ba a faɗarsa a tsakar gida.

Na karanta takardarka har ta fara yagewa a ninki. Budurwa ta daina cin abinci, ƙanshin miya yana tayar mata da zuciya, ta zube a wurin aiki, ta shige abaya mai faɗi, likita ta faɗi abin da ba ya rubutuwa, kuma kada a gaya wa uba. Gado, ni ba yarinya ba ce, biyar na haifa. Ka gaya min wata nawa ne, ka gaya min ko waye. In ɗan ƙasar ne, in ɗan gida ne, in a kantin ne, ka faɗa min kawai. Kai na ba wa amana, kana can kana cin dambu.

Ka je wurin kafil ɗinta, ubangidan da ya ɗauke ta aiki, ko wa yake riƙe da takardunta, a sako min ita a jirgi kafin wata ya mutu. Gara ta zo ta same ni da duk abin da take ɗauke da shi. In ban ji daga gare ka ba kafin Juma'a ta sama, zan shiga ɗakin Malam in faɗa masa da bakina.

Sauda

*

Al Rayyan, gidan Rukayatu
24 ga Zulhajji

Taubashiyata,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, Na'ima tana samun sauƙi, tana gaishe ki. Ki nemi wuri ki zauna.

Ba juna biyu ba ne. Babu wani namiji, ba ɗan ƙasa, ba ɗan gida. Na sake karanta abin da na rubuto miki a zuciyata, na ga da ni ne ma haka zan fassara. Laifina ne, ki yafe. Na san yanzu kin kai goshi ƙasa kina godiya. Ki yi, amma ki ɗago da wuri, don abin da ke damun 'yarki likitar ta ce shi ma yana kai mutum kushewa in aka ƙyale shi.

Yunwa ce, Sauda. Yunwar da ta ɗora wa kanta da hannunta, a garin da ake zubar da shinkafa da rabin rago a kai.

Ga yadda na gane. Kashegarin Sallah muka taru a nan, mu wajen goma sha biyu, 'yan Kano da 'yan Zango, Rukayatu ta soya nama har maƙota suna leƙowa. Aka miƙa wa Na'ima faranti. Ko ɗagowa ba ta yi daga wayarta ba ta ce, "Na gode Anti, ina azumi." Rukayatu ta ajiye ludayi ta ce, "Azumi? Yau? Wane malami ne ya ba ki wannan?" Kashegarin layya fa, ranar da ko waliyyi ba ya azumi. Bakinta ne ya saba, ya faɗa ba tare da ya duba kwanan wata ba. Na ga fuskarta sanda ta tuna. Ta tashi za ta fita, hannun abayar ya zame, na ga tsintsiyar hannunta. Wallahi muciyarki ta fi shi kauri. Washegari ta faɗi a kanti.

Ni da nake taƙama ina duban mutum daga bakin layi in gaya miki abin da ke aljihunsa, yarinya ta yi wata da watanni tana sayar min da ƙarya ɗaya ina saye ina sa albarka. Ta san in ta ce ba ta ci za a matsa mata, in ta ce azumi kuwa sai a ce madalla. Dambun nan ma ba ƙwace na yi ba, ita ta kawo min har mota ta ce ke kika ce a ba ni. Tsoron ta zauna da shi a ɗaki take yi.

Da na zaunar da ita, ga abin da ta ce. Farkon zuwanta ta sa hotonta a shafinta na waya, da atamfar da kika ɗinka mata. Wata da ba ta ma sani ba ta rubuta a ƙasa, "Wannan buhun a wane jirgi aka ɗauko shi?" Mutane suka yi ta dariya. Ta shiga neman yadda ake rage ƙiba, bidiyo ɗaya ta kalla. Tun daga ranar wayar ta gane mata, kamar ɗan kamasho da ya ga baƙo ya taɓa shadda sau ɗaya, ya bi shi har tasha. In ta buɗe, wata ce take auna ƙugunta da takarda. Ta ja sama, wata ce take nuna abin da ta ci a yini, ƙwai ɗaya da ganye. Ta sake ja, mai shayin sauke tumbi. Ta ajiye waya ta ɗaga kai, ga na bango suna ta tafiyarsu, awa goma kullum. Ta ce har ta kai in ta ci loma ɗaya sai ta ji kamar ta yi sata.

Na ce, "Na'ima, 'yar tsanar da ke ƙofar kantinku, wa yake sa mata riga?"

Ta ce, "Ni ce, Kawu."

Na ce, "Rigar daidai take mata?"

Ta ce, "A'a, sai na tattare ta ta baya na kama da fil."

Na ce, "Mu ma haka muke yi a Kwari, har kwali muke cusawa a kafaɗa. Wato ke da hannunki kike ɗame rigar ta baya, sannan ki zagayo ta gaba ki tsaya kina jin haushin jikinki? 'Yar kasuwa ba ta sayen kayan da ta san yadda aka yi masa kwalliya."

Ta yi dariya, sannan ta yi kuka, sannan aka kawo abinci ta kasa ci. Na gaya miki wannan don ki san bakina, da duk kaifinsa, bai warkar da ita ba. Likitar ta ce ciwo ne kamar kowane ciwo, ba iskanci ba, ba aljanu ba, kuma a hankali yake tafiya. Tana ganinta duk mako, akwai kuma wata da ta tsara mata abin da za ta ci kaɗan-kaɗan. Wurin aiki sun ba ta hutun jinya. Rukayatu kuwa tata dabarar daban. Kwano ɗaya take zuba musu, ta zauna tana ba ta labarin rigimar 'yan Zango, ba ta kallon hannunta ko sau ɗaya. Jiya loma bakwai. Ni na ƙirga ta wutsiyar ido, Rukayatu ta taka min ƙafa.

Maganar jirgi, in kin dage zan yi. Amma ki yi tunani. Ta sauka a haka, matan gidanku su kewaye ta, wannan ta ce an yi mata asiri, waccan ta kawo maganin ƙiba sha-ka-fashe a ɗura mata, kowa da faranti a hannu yana cewa ci. Can a ce ta cika ƙiba, nan a ce ta rame, yarinya ɗaya ana ja kamar ƙyalle a hannun dillalai. Ki ba ni wata biyu. Ki gaya wa Malam gaskiya, ba abin kunya a ciki. Kuma don Allah, sunan nan na Tulu, ki ajiye shi. Ta ce ba ta taɓa jin haushinsa ba sai da ta karanta maganar buhu.

Gado

*

Rijiyar Lemo
2 ga Muharram

Gado,

Salam, barka da sabuwar shekara. Muna lafiya. Na ci tuwo malmala biyu ranar da takardarka ta zo, ina ci ina hawaye, yara suka ɗauka yaji ne.

Na gaya wa Malam. Ya ce shi ma ya yi ta yabon azumin bai tambayi sahur ba. Ya ce ta zauna ta gama maganinta. Sha-ka-fashen kuwa, ba sai matan gida ba, ni kaina na riga na aika a sayo kafin in kai ƙarshen takardar. Na zuba shi a masai.

Na yi mata zato mummuna, kada ka gaya mata. Tulu kuma tun tana rarrafe nake kiranta, don daɗin ɗauka take da shi. Na daina.

Ga wutsiyar ragon layyarmu nan na busar, Ismail zai kawo. Ranar Cika-ciki a ba Rukayatu ta dafa. Ban ce a cika mata ciki ba, ka ji ni da kyau. Ko romon ta lasa, ta san an tuna da ita a gida. Akwai dambu leda ɗaya, farin zare.

Sauda

*

Sanaiya
11 ga Muharram

Taubashiyata Sauda,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri, da fatan kun sha ruwa lafiya, kun cika ciki lafiya. Ina gaida Malam, Allah ya ƙara masa haƙuri da ke. Ni lafiya, ƙugu ma ya yi sauƙi, kin ga ashe da gaskiyarki.

Wutsiya ta iso a kan lokaci. Ismail ya ce duk hanya jakarsa ƙanshin Kano take, har wani a jirgi ya tambaye shi ko ana sayarwa.

Ranar tara ga wata na ɗauki azumina kamar kowa. Da na sauke ma'aikatan safe, sai na ce bari in kai wa Rukayatu wutsiyar da wuri ta samu ta yi laushi kafin magariba. Azahar ta kusa, rana tana dukan kwalta har tana rawa, leɓena ya bushe. Na yi sallama na shiga. Sauda, me zan gani? 'Yarki zaune a kan darduma, ledar farin zare a buɗe a gabanta, wadda na kai mata tun shekaranjiyar ranar, ga shinkafa 'yar kaɗan a faranti ta barbaɗa dambu a kai. Wayar tana can kan firij a kife. Loma tana hannunta.

Muka kalli juna. Na ga hannun ya fara komawa ƙasa. Na ce a raina, shi ke nan, yau ga azumi na gaskiya, duk garin ana yi, ta samu mafaka mai lasisi.

Sai ta ce, "Kawu, ka yi haƙuri, yau ba na azumi. Likita ta ce ba yanzu ba." Ta kai lomar baki.

Shekarata hamsin da huɗu, ban taɓa jin Musulma ta ce ba ta azumi ranar Tasu'a na ji kamar in yi guɗa ba sai ranar. Na juya na kama duban firij kamar zan saya, don kada ta ga idona. Rukayatu ta leƙo daga kicin ta ce, "Malam Gado, yalla, mai azumi ba ya tsayawa kan mai cin abinci, fita." Na fita, yawuna yana tsinkewa, don ƙanshin dambunki ba ya tausayin mai azumi.

Da aka sha ruwa ta zauna cikinmu. Ba ta cika ciki ba, kuma ba wanda ya ce ta cika. Ta sha romo rabin kofi, ta tsinci nama biyu a jikin wutsiya, ta ce gishirin Umma ne wannan. Ba zan yi miki daɗin baki ba, akwai ranakun da abin yake dawo mata, ta zauna ta zuba wa faranti ido. Amma likitar ta ce an kama hanya, kuma wata mai zuwa za ta koma aiki rabin yini. Hotonta yana cikin takardar nan, ita ta ce a ɗauka, kusa, ba daga wani gari ba. Naki ne ke kaɗai, ba na matan gida ba.

Saura magana ɗaya mai muhimmanci. Tunda yarinyar nan ta fara cin rabonta, wandona ya fara zamewa, na ƙara huda a bel. In za ki aiko na gaba, ki ƙulla mata nata da farin zare yadda kika saba. Nawa kuma ki duba girman ledar da idon rahama, jan zare ba laifi ya yi miki ba.

Naki har kullum,
Gado